Mai Goyon Kyauta

Duk unguwar Firchin ta Jega babu wanda bai san Uwani, matar Maiwada mai albasa, tana wabi ba. Uku ta haifa, uku ta binne, babu ko ɗaya da ya kai yaye. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai kuwa, dukansu a goye suka cika. Na farkon tana daka. Na biyun tana dawowa daga gulbi da tulu a ka. Ta ukun tana tsaye tana gaisawa da maƙwabciya, har da dariya, sai matar ta leƙa bayanta, sannan ta ce, "Uwani, kwance goyon nan mu gani."

Saboda haka da aka haifi ta huɗun, tsohuwar unguwarzoma ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce a sa wa jaririya suna Kyauta, ta juyo ta nuna Uwani da yatsa. "Ki ba ta nono, ki yi mata wanka, ki ɗauke ta a hannu in kina so. Amma bayan nan naki, aradu kada ki tashi tsaye da ita a kansa. A nemo macen da ba ta taɓa sauke gawa daga bayanta ba, ita za ta goya ɗiyar ga har ta yi wayo."

Ko maganar tsohuwar gaskiya ce ko camfi, wannan sai malamai. Abin da kowa ya gani da idonsa dai, Kyauta ta rayu.

Mai goyon kuwa a cikin gida take. Iya Laraba tsohuwar baiwar gidan ce, an kamo ta tana ƙarama daga duwatsun Dakarkari. Ita ta goya Maiwada da ƙannensa, ga su nan duk da gemunsu. Ta sa tsohon majanyinta na saƙi, wanda ya sha wanki har ya koɗe, ta ɗaure Kyauta a baya, yarinya ta yi haƙori, ta yi rarrafe, ta wuce yaye, ta shiga shekara ta uku. Uwani ba ta taɓa jin nauyinta a gadon bayanta ba. Kullum in ta ga Iya Laraba ta sunkuya yarinya ta ɗare, sai ta kawar da kai ta sami abin yi.

To, da Kyauta ta iya tafiya sai ta zama 'yar ƙiriniya. Ƙiftawar ido, tana zaure. Lokacin kuwa ba lokacin sake ba ne. Ba a daɗe da Nasara suka ci Sakkwato ba, ga sojansu a bayan garin Jega, kullum da irin labarin da za a kawo daga kasuwa: an kama wane ya ɗauki kaya, an tafi da wane ba a sake ganinsa ba. Uwani in ta waiwaya ba ta ga ɗiyarta ba, sai ta ruga zaure nemanta. Duka kuma hannunta ba ya ɗaguwa a kan ɗiyar da aka samu da ƙyar.

Wata rana ta cafko ta a bakin zaure, daidai lokacin da wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya ƙofar gida tana sallama. Kai, Uwani! Da ta san abin da bakinta zai jawo mata, da ta cije harshenta. Ta durƙusa ta raɗa wa yarinyar a kunne, "Kin ga waccan? Kin san mi ke cikin ƙwaryar da ta rufe da faifai? Yara ne. Yaran da sunka fita zaure. Sai ta cusa su ciki ta kai wa Nasara."

Magani ya ci, har ya wuce gona da iri. Daga ranar Kyauta ba ta sake leƙa zaure ba. Da ta ji muryar mai nono daga nesa, sai ta ruga ta shige zanen Iya Laraba. Uwani har yabon kanta take a wurin mata, wai ta sami dabarar da ta fi bulala.

Ana nan, wata ranar kasuwa Iya Laraba ta dawo gida idonta jajir. Wani falke ya ga tsagar fuskarta ya yi mata magana da yaren da ta ɗauka ta manta. Ya ce ƙanenta na nan da rai, ya tsufa, yana da jikoki. Tun da Nasara suka ce duk bawan da ke son komawa gida ya koma, bayi da yawa sun watse, ita ba ta motsa ba, don ba ta san wurin wa za ta ba. Yanzu ta sani. Ayarin mutumin zai juya kasuwa mai zuwa ta sama, kuma ba zai sake biyowa ba sai bayan damina.

Maiwada ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ba ni da bakin hana ki."

Uwani kuwa ta zube a gabanta ta riƙe mata ƙafa. "Iya, ki dubi Allah. In kin tahi, wa zai goya ta? Kin san abin da bayana ke yi."

"Uwar ɗakina, sake ni," in ji tsohuwar, ita ma tana hawaye. "Na goya mijinki, na goya ɗiyarki. Ni ban san inda anka binne uwata ba. In na bari sai bayan damina, ƙafar ga ba ta kai ni."

Aka shiga neman baya. Sai a lokacin Uwani ta gane irin tsadar abin da take nema. A ƙasar da agana ta bi, zazzaɓi ya bi, wace mace ce ba ta taɓa rasa goyo ba? Maiwada ya yi cigiya a Birnin Malam, ya yi a Aliero wurin abokan cinikinsa na albasa, har Maiyama ya aika. Wannan ta rasa ɗaya, waccan ta rasa biyu. Uwani ta daina cin abinci. Ko tari Kyauta ta yi, sai ta ruga ta taɓa goshinta.

Daga ƙarshe Maiwada ya shigo da murna. An sami wata, sunanta Aminatu, mutuniyar wata ruga ce kusa da Kashin Zama, da rani suke saukowa bakin gulbin Jega da shanu. Shida ta haifa, shidan suna raye. Mijinta ya rasu, 'ya'yan sun girma, ta yarda ta zo ta zauna gidan Maiwada.

"Kin ma san ta," in ji shi. "Ita ke kawo mana nono."

Uwani ta dafa bango ta zauna. Maiwada bai san komai a kan zancen ƙwarya ba, ita kuma ba ta iya buɗe baki ta faɗa masa ba.

Ta fara shirya yarinyar da dabara. Ba ta ce mai nono ba, sai ta ce Goggo. "Goggo za ta zo gidanmu. Goggo na da ɗan maraƙi fari, za ta bari ki taɓa shi. Goggo ta iya waƙa, ta fi Iya iya goyo." Kyauta ta yi ta tsalle, kowa ya shigo sai ta ce masa Goggonta na zuwa. Uwani ta aika a roƙi Aminatu ta zo hannu sake, kada ta ɗauko ƙwarya.

Ta zo da hantsi, ba ƙwarya. Doguwar mace ce, siririya, ta manyanta, da kitso mai saukowa gefen kumatu da 'yan kunnen tagulla. Amma wa zai ajiye muryarsa a gida? Tana yin sallama Kyauta ta sandare a tsakar gida da guntun ƙuli-ƙuli a hannu. Sai ta ƙwalla wata irin ƙara da ta sa kaji suka watse. Fitsari ya biyo ƙafarta. Ta faɗa jikin Iya Laraba tana ihu, "Iya, ɓoye ni! Za ta kai ni! Za ta kai ni!"

Aminatu ta tsaya cak. Ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. "Mi kunka faɗa wa ɗiyar ga a kaina?"

Uwani ta faɗa mata, kanta a ƙasa. Kunya kamar ta nutse.

"Tun kina amarya nike kawo nono gidan ga," in ji Bafulatanar a hankali. "Ko ruwa ban taɓa ƙara muku ba. Ashe ni ce dodonku."

"Goggo, ki yafe mini. Tsoro ne. Wallahi tsoro ne."

"Na san tsoro ne." Ta gyara mayafinta. "Gobe ina dawowa. Ba don ke ba."

Kashegari Uwani ta ɗora Kyauta a cinya ta ce, "Kyauta, ƙarya na yi miki. Babu yara a ƙwarya. Nono ne kawai." Ta sa Aminatu ta ajiye ƙwaryar a tsakiyar gida ta ja da baya. Iya Laraba ta matso da yarinyar a goye, Uwani ta ɗaga faifan. Nono ne fari tas, da curin man shanu yana yawo a kai. Ta sa ludayi ta juya har ƙasa. "Kin gani? Ina yaran?"

Kyauta ta leƙo ta kafaɗar Iya, ta duba da kyau. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ta kai su."

Babu irin abin da ba su gwada ba bayan wannan. Iya Laraba ta ci tuwo akushi ɗaya da Aminatu a gaban yarinyar. Aminatu ta kawo 'yar tsana ta kara, ta ajiye, ta kawar da kai. Aka ɗaura mata majanyin Iya ta yi ta zagaya gida da shi, ko yarinya ta saba da ganinsa a jikinta. Ina! Kyauta ta daina ihu, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi muni. Sai ta yi tsit, ta ƙanƙame Iya, idonta na bin matar duk inda ta yi. Ta rage cin abinci. Wuyanta ya fara fitowa, Uwani kuwa ta san irin wannan ramar, ta gan ta sau uku.

Ranar tafiya ta zo. Iya Laraba ta ce ba za ta iya sallama da yarinyar ba, gara ta fita tana barci. Gari na wayewa ta ninke majanyin ta miƙa wa Aminatu hannu biyu, ta ɗauki ɗan ƙunshinta. A bakin zaure ta juyo ta ce wa Uwani, "Kome ta yi, kada ki tashi da ita." Maiwada ya raka ta zango, daga can zai wuce fadama wurin albasarsa.

Rana ta ɗan ɗaga Kyauta ta farka. Ta duba ɗakin Iya, ta duba bayan rumbu, ta duba wurin awaki. "Inna, ina Iya?"

"Ta tahi unguwa," in ji Uwani. Tana durƙushe a gaban dutsen niƙa, ta ƙi ɗaga ido. "Ga Goggo can."

Aminatu na zaune a gindin bango da majanyi a cinya, ba ta ko motsa ba. Kyauta ta tsaya a tsakiyar gida, ba ta san inda za ta nufa ba.

Sai begilar soja ta tashi daga wajen kasuwa. Nan da nan titi ya rikice. Wani ya wuce a guje yana ihu, "Dogarai! Ana kamen masu ɗaukar kayan Nasara! Maza ku ɓuya!" Aka ji ƙafafu, jaki na kuka, wata mata na kiran sunan ɗanta. Wani saurayi ya tsallako dangar gidan, ya ratsa tsakar gida, ya tsallake ta ɗaya gefen.

To, ku duba wa yarinyar nan. Nasara a waje, mai kai musu yara a ciki, Iya babu. Wuri ɗaya ya rage mata a duniya. Ta ruga ta haye bayan uwarta, ta sarƙe hannuwa a wuyanta, ta manna ƙafafu a kwiɓinta.

"Inna, goya ni! Inna, tashi mu gudu!"

Wayyo Allah. Uwani ta ji ɗumin cikin yarinyar a gadon bayanta, ta ji ƙaramar zuciya na bugawa a tsakanin kafaɗunta. Shekara uku tana mafarkin wannan nauyi. Jikinta da kansa ya fara abin da ya saba, ƙugu ya gyaru, hannu ya kai baya zai tallafe. Ta fizge hannun ta dafa dutsen niƙa. A kan bayan nan nata na farkon ya yi shiru. A nan ta ukun ta yi sanyi ba ta sani ba.

Ban tashi ba, ta ce a ranta. In ban tashi ba, ba goyo ba ne. Ya Allah, ka gani, ban tashi ba.

"Goggo!" ta kira. "Goggo, zo ki cire ta!"

Aminatu ta taso da sauri. Tana matsowa Kyauta ta ƙara shaƙe wuyan uwarta, har Uwani ta ga duhu-duhu. Matar ta kai hannu, yarinya ta sandare, idonta ya juya, numfashinta ya ɗauke don tsabar kuka.

"Ba ta ciruwa da ƙarfi," in ji Aminatu. "In na fizge ta, shiɗewa za ta yi a hannuna." Ta durƙusa a gefen Uwani, kafaɗa da kafaɗa, ta shimfiɗa majanyin Iya Laraba a nata bayan. "Ga ni. Sai dai ta tako da kanta. Ke kin san abin da ke motsa ta."

Uwani ta sani kuwa. Lallashi bai taɓa motsa Kyauta ba, alewa ba ta taɓa ba. Abu ɗaya ne ya taɓa shiga kunnen yarinyar nan ya zauna. Ihu na ƙara matsowa a titi, kowane numfashin yarinyar tana jin kamar shi ne na ƙarshe. Ta juya kanta har bakinta ya kai kunnen ɗiyarta, ta yi irin muryar nan da ta yi a bakin zaure.

"Kyauta. Kin san inda yaran sunka tahi? Ba ƙwarya ba ce. Bayan ga ne da kike kai. Shi ke cinye yara. Ya cinye yayyenki uku, Sambo da Ladan da Rabi. Sun hau kamar yadda kinka hau, ba su sauka ba. Ina jin shi yana motsi. Sauka maza. Bayan Goggo ba ya ci."

Kukan ya tsaya kamar an yanke shi da wuƙa. Uwani ta ji ƙananan yatsun suna saki ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ba ta ko taka ƙasa ba, ta rarrafa daga wannan baya zuwa wancan, ta cusa fuska a majanyin da ke warin Iya. Aminatu ta ja shi ta ɗaure a ƙirji, ta miƙe tsaye, tana jijjiga ta tana yi mata wata waƙa da Fillanci.

Uwani ta kife a kan dutsen niƙa, garin gero ya manne mata a goshi. Bayanta ya yi sanyi inda ɗumin yake.

Dogarai ba su shigo gidan ba. Da azahar gari ya lafa, Maiwada ya dawo lafiya, a cikin ramin rijiyar fadama ya ɓuya. Ya tarar da ɗiyarsa a bayan Aminatu tana shan nono da ludayi, ya yi ta hamdala. "Kai, madalla! Yaya kunka yi da ita?"

Uwani ta tashi ta ɗebo masa ruwa, Aminatu kuwa ta ci gaba da jijjiga goyonta.

Kyauta ta murmure. Wuyanta ya cika, ta koma ƙiriniyarta, har ruga Goggo ke zuwa da ita ta taɓa ɗan maraƙi. Ba ta ƙi uwarta ba. Tana zama a cinyarta, tana cin tuwo daga hannunta, tana wasa da 'yan kunnenta. Sai dai da zarar Uwani ta juya za ta ɗauko wani abu, yarinya sai ta yi tsit, ta rufe ido da hannu biyu, ta lalubi zanen Goggo.

Uwani ta gwada sau ɗaya ta ce mata wannan ma ƙarya ce. Ba ta iya ƙarasawa ba, don ita kanta ba ta san ko ƙarya ba ce.

Sai ta koyi wata tafiya. Matan unguwa da ke shigowa ɗiban wuta sun sha ganinta suna mamaki, har wasu na cewa ko taɓuwa ce ta same ta. In za ta fita daga ɗaki Kyauta na ciki, ba ta juyawa. Da baya-baya take fita, tana laluben bakin ƙofa da dunduniya, fuskarta na wajen ɗiyarta, tana yi mata murmushi har ta ɓace.